Yadda ake gina ƙaramin otal da dunƙulallen katako

In kana da niyyar gina ƙaramin otal mai aji, irin mai ɗaki 20 zuwa 100 ɗin nan da baƙo ke biyan kuɗi dan yanayin wajen ba dan gado kawai ba, kuma ranka ya kwanta da ginin katakon da ake yayi yanzu a Turai da Amurka, to abu na farko da zaka riƙe shi ne wannan ginin a takarda ake gama shi. A ginin bulo da kankare mai gida na iya zuwa da safe yace a matsar da ƙofar nan, a fasa can a wuce da fayif, birkila ya ɗauko guduma da cizal shikenan an wuce wajen. Anan babu wannan. Bango da dekin duk a masana'anta ake yanko su, da gurbin taga da ramin soket da hanyar waya, inji mai aiki da kwamfuta ne ke yankan kuma kuskurensa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, ranar da tirela ta sauke maka kaya to abin da ka zana shi ka samu, ko yayi maka ko bai maka ba.

Kuma katakon da ake magana ba tu-bai-fo ɗin kafintan rufi bane. Kala uku zaka fi cin karo da su. Akwai CLT, falankaye ne ake jerawa layi-layi, layin farko a tsaye na biyu a gicciye na uku a tsaye, hawa 3 ko 5 ko 7, a shafa gam a matse da inji su zama allo guda, tsarin fulawud ne dai amma mai kaurin bango, faɗinsa wajen mita 3 tsawo kuma yana kaiwa mita 16. A Ostiriya da Jamus aka gyara fasaharsa a shekarun 1990, Gerhard Schickhofer na jami'ar fasaha ta Graz na cikin waɗanda suka yi mata aiki sosai. Da shi ake bango da dekin. Sai gululam, shi falankayen duk gefe ɗaya suke kallo, da shi ake ginshiƙi da bim, kuma tsoho ne dan tun 1906 Otto Hetzer yayi masa rajista a Jamus. Na uku DLT, babu gam babu ƙusa, falankaye ake jerawa a kan gefensu a huda a cusa turakun itace mai tauri da aka busar fiye da su, turakun su sha danshi su kumbura su kulle komai. Da DLT akayi dekin da silin na Hotel Magdalena a garin Austin na jihar Texas, ɗaki 89, an buɗe 2020, kamfanin Lake Flato ne suka zana, kuma shi ake kira ƙaramin otal na farko da aka gina da irin wannan katako a Arewacin Amurka.

Fara da ɗaki ɗaya

Kar ka fara da yadda gaban otal zai fito a hoto. Fara da ɗakin kwana ɗaya. Dalilin da yasa otal ya dace da wannan katakon fiye da kusan kowane gini shi ne ɗakunansa maimaici ne, kuma faɗin ɗakin otal yawanci mita 3 da rabi zuwa 4 ne, allon CLT mai hawa 5 yana haye wannan daga bango zuwa bango ba tare da bim a tsakiya ba. Kaga bangon da ya raba ɗaki da ɗaki shi ke ɗaukar nauyi, na sama ya hau kan na ƙasa daidai, banɗaki kan banɗaki, ramin fayif ɗaya ya sauko tun daga sama har ƙasa. In ka samu wannan ɗakin ya zauna, rabin aikin ya ƙare.

Shawarata kar kalar ɗakunanka su wuce biyu ko uku. Na san masu ƙananan otal suna son kowane ɗaki ya fita daban, to a banbanta su da kayan ɗaki da labule da fitila da abin da taga ke kallo, ba da girman bango ba. Kuma tun zanen yana ɗanye ka nemi masana'antar da zata yanka, ka tambayi faɗin allonsu, ka daidaita ɗakinka da shi. Allon da aka yanke aka zubar da gefensa kai ka biya kuɗinsa.

A nan ne kuma zaka yanke shawarar allo-allo za'a kawo a haɗa a wajen ginin, ko ɗaki sukutum. Hotel Jakarta na Amsterdam da aka buɗe 2018 yana da ɗaki 200, guda 176 a masana'anta aka gama su har da banɗaki, aka kawo kiren ya ɗora su. Haka The Wood Hotel da ke cikin Sara Kulturhus a garin Skellefteå na arewacin Sweden, hawa 20 ɗaki 205, an buɗe 2021, ɗakunan CLT ne aka jera kan juna tsakanin ramukan lifta biyu waɗanda su ma na katako ne. Hanyar tana da sauri kuma aikin yafi tsafta, amma tana son masana'anta a kusa da titi mai faɗi, dan ɗaki guda kaya ne mai faɗi a kan tirela kuma mafi yawan abin da kake biyan kuɗin ɗaukarsa iska ce. In ɗakunanka 30 ne ko 40 kuma masana'anta na nesa, allo-allo yafi maka.

Hawan ƙasa kuma ka yi shi da kankare, kar kaji kunyar hakan. Resefshan da gidan abinci da kicin da wajen wanki suna son fili mai faɗi ba bango kowane mita 4 ba, kicin wuta ne da ruwa da maiƙo, sannan katako baya son zama kusa da ƙasa, aƙalla santimita 30 ake ɗaga shi daga inda ruwan sama ke fallatsa. Abin lura ɗaya, kankare da santimita yake kuskure katako da milimita, dan haka a auna dekin ɗin da kyau a daidaita kafin allon farko ya sauka, in layin farko ya karkace to karkacewar zata bi ka har rufi. Inda kake son falo mai faɗi da katako a bayyane, nan ne gululam ke shigowa.

Rashin nauyi shi ne babbar ribarsa. Kubik mita na CLT bai wuce kilo 500 ba, na kankare wajen 2,400, wato fandesho zai ragu, kuma in tsohon gini ka saya zaka iya ƙara masa hawa. A Melbourne ta Ostireliya hawa 10 na CLT aka ɗora a kan wani tsohon ginin kankare aka yi otal ɗin Adina mai ɗaki 220, aka gama a 2020. Amma rashin nauyin nan shi ne kuma ya jawo matsalar da tafi kowacce ci wa masu otal tuwo a ƙwarya.

Ƙara

Mutane wuta suke tambaya da farko, ni kuwa nace a fara da ƙara. Nauyi ne ke tare sauti, katako kuma bashi da shi. A dokar gini ta Amurka ana so bango da dekin tsakanin ɗakunan kwana su kai maki 50 a ma'aunin tare sauti, na magana da na takun ƙafa duka. Allon CLT mai hawa 5 tsirara yana wajen 40 a magana, a takun ƙafa ko 30 baya kaiwa. Wato in ka barshi haka baƙon ƙasa zai ji takun na sama, da jan akwati, da faɗuwar caja, kuma baƙon da ya biya kuɗi mai yawa bai yi bacci ba ba zai dawo ba komai kyan silin ɗin, sai ma ya shiga intanet ya rubuta.

Tunda kowa so yake a ga katako a silin, to gyaran daga sama ake yinsa. A kan allon dekin a shimfiɗa tabarmar roba mai tsotse girgiza, a zuba siririn kankare santimita 5 ko fiye a kanta, a Jamus da Ostiriya suna zuba tsakuwa ƙanana ma a ƙarƙashi dan ƙarin nauyi, sannan kafet ko abin da kake so. Wannan kankaren kar ya taɓa bango ko ta ina, a zagaye gefensa da soso, in ya taɓa waje ɗaya tak ƙarar ta samu gada. Bangon tsakanin ɗakuna kuma ka zaɓi gefe ɗaya ka bar katako a fili, ɗaya gefen a bar rata a cusa audugar dutse a rufe da allon jifsam hawa biyu, ko kuma ayi bango biyu da rata a tsakani. Ɗakunan da aka kawo sukutum suna samun wannan a kyauta tunda kowanne da nasa bangon.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ƙara tana bin jikin katako ta zagaya. In allon dekin ɗaya ya ratsa ƙarƙashin ɗaki uku saboda ana so a rage yanka, to ya zama hanyar sauti daga ɗaki zuwa ɗaki duk da bangonka mai kyau. A yanke allon a kan layin bango, a sa robar girgiza a inda bango ya zauna kan dekin, kar a sa soket baya-da-baya, kan gado kar ya jingina da ramin fayif ko na lifta. Ɗauki masanin sauti tun ranar da ka ɗauki mai zane, ba ranar da aka fara ƙorafi ba. In da hali a haɗa ɗaki biyu na gwaji, ɗaya kan ɗaya, a auna da na'ura kafin a bada odar sauran, kuɗin nan ba asara bane wallahi.

Ruwa

Katakon yana fitowa daga masana'anta da danshi wajen kashi 12 cikin 100. In ya haura kashi 20 ya daɗe a haka to naman gwari ya samu wajen zama, ruɓa ta fara. Jiƙewar kwana ɗaya ba komai bace in ya samu iska ya bushe, abin da ke kashe shi ruwan da aka rufe a ciki. Dan haka a kwangila ka rubuta ƙarara wa ke da alhakin kare katako daga ranar saukewa har ranar rufi. Kaya su zo lulluɓe, a ɗora kan waigi kar su taɓa ƙasa, a jera a tirela yadda za'a ɗora su, wanda za'a fara sawa shi ne a sama. Da zarar an shimfiɗa dekin a bi mahaɗar alluna da tef, a shafe bakin yanka da maganin ruwa dan ta kan yankan nan yafi shan ruwa, a share ruwan da ya kwanta kullum. A Sweden wasu tanti suke kafawa a kan ginin gaba ɗaya yana hawa tare da su. Ka sayi mitar auna danshi, ba tsada, kar a zuba kankaren sama ko a rufe bango sai an auna an rubuta a littafi. Kuma a hana 'yan walda da masu yankan ƙarfe aiki kusa da katakon da zai fito fili, garin ƙarfe in ya haɗu da danshi baƙin tabo yake bari wanda sai an goge da inji.

Bayan an buɗe otal kuma banɗaki ne abin tsoro, kowane ɗaki da shawa, kowace shawa ana amfani da ita kullum, kuma yoyon da ke ƙarƙashin tayil zai iya shekara ba wanda ya sani. Mafi kwanciyar hankali a sayo banɗaki haɗaɗɗe daga masana'anta a zura shi. In a wajen za'a yi, to shimfiɗar hana ruwa hawa biyu, ta hau bango, a cika ƙasan da ruwa a barshi ya kwana a duba kafin a sa tayil, mahaɗar fayif duk su kasance inda za'a iya buɗe ƙofa a gani daga korido, sannan a binne 'yan na'urorin jin danshi a ƙarƙashin kowace shawa. Baranda kar ta zama ci gaban allon ɗaki, a yi mata nata tsarin daban, rufi yayi baki mai tsawo da indararo mai kyau. Katakon da ke ɗauke da gini a ciki yake zama, na waje riga ce kawai mai rata a bayanta wadda za'a iya cirewa a sauya, kuma ka sani tun yanzu rana zata mayar da ita ruwan toka, in baka son hakan to ka shirya kuɗin shafe duk bayan 'yan shekaru.

Wuta fa?

Duk wanda ya taɓa hura murhu ya san ƙirare nan da nan suke kamawa amma gungume sai ayi ta fama, bayansa ya zama gawayi cikinsa na nan lafiya. Haka katako mai kauri yake, gawayin da ya yi a waje shi ke kare na ciki, kuma an san saurin cinsa, ƙa'idar Turai ta sa wajen milimita 0.65 a minti, wato kusan santimita 4 a awa. Sai injiniya ya lissafa kaurin da zai ɗauki nauyi ya ƙara na hadaya a kai. Dokar gini ta Amurka ta 2021 ta yarda da irin wannan gini har hawa 18, amma da sharaɗi, iya tsawon gini iya yawan katakon da dole a rufe da jifsam. Ƙaramin otal mai hawa 3 zuwa 6 yana da sarari sosai na barin katako a fili.

Amma kar wannan yasa ka sake, katako abin ci ne ga wuta kuma otal waje ne da mutane ke bacci a inda basu san hanya ba. Na'urar fesa ruwa a kowane ɗaki dole ce, korido da matakala a rufe su da jifsam ko ayi matakalar da kankare, ƙarfen mahaɗa a ɓoye shi cikin katako dan ƙarfe yana laushi da zafi, duk ramin da waya ko fayif ya ratsa a toshe da abin hana wuta. Tambayi irin gam ɗin da masana'anta ke amfani da shi, akwai wanda in yaji zafi layin da ya ƙone yake ɓallowa ya buɗe sabon katako wuta ta sake tashi, shi yasa a 2018 aka tsaurara ƙa'idar gam ɗin CLT a Arewacin Amurka. Lokacin da yafi hatsari kuma shi ne ana cikin gini, babu jifsam babu ruwa. A 2014 wani ɗakin gwaje-gwaje na katako da ake ginawa a jami'ar Nottingham ta Ingila ya ƙone ƙurmus kafin a gama shi. Zauna da 'yan kwana-kwana da kamfanin inshora tun zane bai ƙanƙare ba, dan inshora na iya yi maka tsadar da zata canza lissafinka gaba ɗaya.

Daga wane daji?

Wannan ne ya fi damuna, dan anan ake yawan yaudarar kai. Gaskiya ne siminti kaɗai yana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, gaskiya ne kuma kubik mita na katako yana riƙe da wajen kilo 700 zuwa 900 na wannan iskar da bishiya ta zuƙa. Amma lissafin yana tsayawa ne kawai in dajin da aka sara ana sake shuka shi, kuma ginin ya daɗe, kuma in ya tsufa aka kwance allunan aka sake amfani da su ba a ƙone ba. In daji aka share aka tafi to otal ɗinka ɓarna ne mai kyan gani, ba wani abu ba. Nemi shaidar FSC ko PEFC, masu tabbatar da cewa ana kula da dajin da aka saro katakon, kuma lambar ta fito a kan rasit ɗin kayanka ba a tallan kamfani ba, nemi takardar EPD da ke nuna hayaƙin da aka fitar wajen yin allon, tambayi nisan daji da masana'anta. Na Skellefteå daga dazukan yankinsu suka samo nasu, aka sarrafa a Bygdsiljum da ke kusa da garin. A haɗa gini da sukuru da noti yadda zai kwantu, a guji manne komai da gam ko zuba masa kankaren da ba zai rabu ba. Kuma kar ka ce komai sai katako dan a yaba maka, Mjøstårnet na Norway mai mita 85.4 wanda shi ma akwai otal a cikinsa, dekin hawansa na sama na kankare ne, dan a ƙara masa nauyi kar iska ta riƙa kaɗa shi.

Kayan ado ma su shiga lissafi. Ba ma'ana ka gina da katako mai shaida sannan ka yi teburan resefshan da madobiya, bishiyar da aka yi wa sara a Afirka ta Yamma ana lodawa zuwa Sin har sai da yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa ta sa ta cikin jerin waɗanda ake taƙaita cinikinsu a 2017.

Batun kuɗi a taƙaice, katakon kansa yawanci yafi kankare tsada, inda kake mayarwa shi ne saurin gamawa, ƙarancin ma'aikata, ƙaramin fandesho da silin ɗin da ba sai an yi masa ado ba. Otal ɗin da aka buɗe da wuri ya fara kawo kuɗi da wuri. Amma kuɗin yana fita da wuri shi ma, masana'anta sai an bata kafin alƙalami mai kauri kafin ta kunna inji.

In kuma a ƙasa mai zafi irin tamu kake tunanin yi, to ka ƙara abu biyu. Na farko gara. Itacen sifurus da Turawa ke yin CLT da shi abincin gara ne kuma baya shan magani da kyau, ba irin azarar giginya bane da magina suka daɗe suna rufi da ita saboda gara bata iya mata. Waɗanda ya kamata ka kalla su ne Ostireliya da Afirka ta Kudu, suna da gara kuma suna yin CLT da itacen fain wanda ke shan magani, a Afirka ta Kudu har da na bishiyar turare. Falankayen a basu magani tun kafin a manna su, a sa ragar ƙarfe mara tsatsa a duk inda fayif ya huda dekin ƙasa, kuma a bar gefen kankaren a buɗe aƙalla milimita 75 kamar yadda ƙa'idar Ostireliya ta tanada, kar a tara masa ƙasa ko fulawa, dan mai zagaye ya ga hanyar gara da idonsa tun bata kai katako ba. Na biyu hunturu da damina, katako zai tsuke a bushewar hunturu ya ɗan tsage a fuska sannan ya kumbura da damina, tsagar fuska bata taɓa ƙarfinsa amma a bar 'yar rata a inda ya haɗu da tayil da gilashi da ƙofa, kar a kunna esi da ƙarfi rana ɗaya a sabon gini, a bishi a hankali. In ta teku kayan zasu zo, cikin kwantena mai ƙafa 40 tsawonsa wajen mita 12 ne faɗi mita 2.3, to allunanka su tsaya cikin wannan awon tun a zane, kuma ka tabbatar akwai kiren da ƙwararren direbansa a garin kafin ka sa hannu a oda.